Jirgin da Nay Yi ma Yaɓe

Ba zan taɓa mantawa da ranar da nash shiga tafkin bayan makarantar Tambuwal da tufafin sallata ba, ko da kuwa na manta sunayen jikokina (dama rabinsu sai an tuna min). Waɗanda sunka gani da idonsu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah shi jiƙan su. Gara in faɗa da bakina, don waɗanda sunka ji a bakin wasu sun ƙara ma labarin gishiri. Wai har kada ya biyo ni. Ƙarya ce. Babu kada a tafkin nan, sai kwaɗi.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ni 'yar Kebbe ce, ubana magini ne, cikin laka nat tashi. Aurena na fari ya mutu, nad dawo Tambuwal wurin ƙanwar uwata, Inna Kulu. Da rana ina kai tuwo makarantar firamare malamai su saya, da rani kuma ni da wasu mata shida mu ka yin daɓen ɗakuna. Ba yabon kai ba, in nay yi daɓe nash shafa mai makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, sai ka ga fuskarka a ciki.

Shekarar nan anka gina sabbin azuzuwa ukku a makarantar, saura daɓe. Aikin da zai riƙe mu rani guda, ni da matan nan shida. Sau biyu ina roƙon hedimasta, Malam Umaru, sau biyu shina ce min zai duba. Ashe matan Dogon Daji shi ka son ba, don can ne garin uwatai.

Wata rana nak kai tuwo, na iske malamai fuɗu gindin ceɗiya sun haɗa kai kan tabarma kamar masu rabon gado. Wata Baturiya mai zagayen makarantu ce tab bar musu kwali cike da ƙananan tubala na roba, na wasan yara, ja da fari da shuɗi. Kowane da ƙuraje a bayanai da rami a cikinai, in ka danna ɗaya kan ɗaya sai su kama juna. Jikin kwalin akwai hoton jirgin ruwa mai dogayen sanduna da fararen ƙyallaye, irin wanda iska ka turawa. Ta ce a haɗa shi kafin bukin tuna ranar mulkin kai, za ta zo ta gani. Saura kwana takwas, malamai sun haɗa wani abu mai kama da akurkin kaji.

Ni bakina bai da ƙofa tun ina yarinya. Na aje kwano nac ce, "Duk bokon nan naku, ɗan gini ya gagare ku?"

Malam Umaru yad dube ni ta saman tabarau. "'Yar Kebbe, tuwo kinka kawo ko wa'azi?"

"Duka biyu, Malam. Wanga ai gini ne, ba karatu ba. Ku ba ni shi."

Malamai sunka kwashe da dariya. Wani yac ce, "Kin taɓa ganin jirgin ruwa?"

"Na ga kwalekwale a gulbi. Wanga ai yayanai ne."

Malam Umaru ya gaji da abin, na gani a fuskatai. Yac ce, "To, ɗauki. In kinka kawo min jirgin ga yadda Baturiya za ta yaba, daɓe naku ne. In kinka kunyata ni, kada ki sake yi min maganatai."

Nac ce, "Malamai, kun ji da kunnenku." Naɗ ɗora kwali kan kwanon tuwo nay yi gida.

Akwai wata takarda a ciki mai zane-zane da lambobi. Lokacin ko alif na boko ban sani ba (sai da nay yi furfura nash shiga ajin manya), don haka nan naɗe daddawa da ita. Hoton jikin kwali ya ishe ni.

Kwana biyu na fari, wallahi na sha wuya. In gina gefe guda, in juyo ɗayan, na farin ya ɓalle. Yatsuna sunka yi ja. Inna Kulu tana kaɗi a ƙofar ɗaki tana kallona.

"Ɗiyar nan, sa'o'inki na goyon na ukku, ke kina wasan ɗiya. Mi za ni ce ma mutane?"

"Ki ce musu ina aikin gwamnati, Inna."

"Gwamnati ta lalace."

Ban kula ta ba. Rana ta ukku nat tuna yadda Baba ka jera tubali: ba a ɗora gaɓa kan gaɓa, sai a sa na sama shi haye biyu na ƙasa shi ɗaure su. Nar rushe duka nas sake daga tushe. Sai ga abu ya kama ƙam. Daga nan ko tuwon makaranta ban ƙara kaiwa ba, in gama shara in zauna, ba ni tashi sai salla. Tubali guda yaɓ ɓace min, nat tayar da gidan kaf, har cikin akurki, ashe ina zaune a kai. Rana ta biyar jirgi yat tsaya. Ƙasa ja, tsakiya fari, baki shuɗi, gaba da tsini kamar na hoto. Naf fiƙe kara nay yi sanduna ukku, nay yage sabon farin ƙyallena na lulluɓi nay yi mai filafilan iska. Inna Kulu da kanta ta aje mazari taz zo tad duba, tac ce, "Uhm." Wanda yas san Inna ya san wagga uhm ɗin kyauta ce babba.

Da nan nat tsaya, da ba ni da labarin da za ni ba ku.

Sai naɗ ɗaga jirgin sama ina kallo, nag ga hasken rana na shigowa tsakanin tubalan. Naɗ ɗebo ruwa a ludayi naz zuba ciki, sai ga shi shina ɗiga ta ƙasa kamar rariya. Nac ce a raina, af, ashe Turawan ga ba su gama aiki ba. Sun aiko tubali, sun manta da yaɓe. A gidanmu, ginin da ba a yaɓe ba ba a ce an gama shi. Baba ko katangar bayi ba shi bari tsirara. Balle abin da zai shiga ruwa?

Nat tafi naɗ ɗebo jar ƙasa mai kyau, nat tankaɗe ta, nak kwaɓa da kashin jaki da 'yar ciyawar ramno, nab bari tak kwana. Naj jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa ke nan, har ruwan yay yi baƙi ƙirin. Nay yaɓe jirgin ciki da waje, kowane rami nac cusa mai laka da tsinke. Yab bushe, nas sake. Sau ukku. Sannan nab bi shi da makuba ina gogawa da dutsen daɓe har shina ƙyalli.

Inna Kulu tac ce, "Ina jan da farin?"

"Suna ciki."

"Su masu abin sun ce a rufe?"

"Inna, ke kin san kaɗi, ni na san gini."

Tac ce, "Allah shi kyauta." Tak koma ga audugarta.

Malam Umaru ya aiko a kai mai shi gani tun ana gobe buki. Nac ce a gaya mai bai gama shan rana ba. Ban san yadda yaf fassara maganar ba, bai dai sake aikowa ba.

Ranar buki nas sa zanen sallata da ɗankwali, nay yi gammo, naɗ ɗora jirgi kan faifai nar rufe da mayafi. Nauyinai kamar turmi, wuyana na ƙara, amma ni daɗi ni ka ji, nac ce abu mai ƙwari ke nan. Filin makaranta cike: yara riƙe da 'yan tutoci, wakilin hakimi da jama'atai kan kujeru, makaɗa a gefe, ga Baturiya da 'yar hularta. Anka yi fareti, anka yi waƙa. Sannan Malam Umaru yat tashi yac ce akwai wata mace a garin ga wadda ba ta yi boko ba, amma ta haɗa jirgin da yag gagari malamai. Nat taho ina taku ɗai-ɗai, na aje kan tebur, naj janye mayafi.

Kowa yam miƙo wuya.

Kun san kaskon da a ka toya masa? To, ku sa mai sanduna ukku.

Malam Umaru yac cire tabarau yag goge yam mayar. Baturiya tam matso, taz zagaya teburin, taƙ ƙwanƙwasa jirgin da farce, tay yi magana.

Malam yac ce, "Tana tambaya ina tubalanta."

"Ka ce mata suna ciki lafiya lau. Na yi musu riga."

Wakilin hakimi, wani tsoho mai barkwanci, yal leƙo yac ce, "Yarinya, wanga jirgi ne ko murhu?"

Jama'a sunka fashe. Malam Umaru yas sunkuyo yac ce min a hankali, "Rufe shi ki koma gida, don Allah don Annabi." Mai hankali da nan ta rufe. Ni kuwa jinina yah hau. Naɗ ɗaga murya nac ce, "Ranka shi daɗe, ba a gane jirgi kan tebur. A zo tafki a gani!"

Nas sunkuci abina nay yi bayan makaranta, wurin ramin da anka haƙo ƙasar ginin azuzuwa, ruwan damina ya cika shi fal. Yara sunka biyo ni da ihu, makaɗa sunka biyo yara, manya sunka biyo makaɗa. Har Baturiya. Malam Umaru na baya shina kiran "'Yar Kebbe! 'Yar Kebbe!" ban waiga ba.

Nad durƙusa bakin ruwa, nay yi bisimilla, naj jira iska tat taso, nat tura shi da ƙarfi don shi yi nisa.

Ko juyi guda bai yi ba. Ƙulum! Kumfa ukku sunka taso. Sai kan sanda guda da ɗan farin ƙyallena a saman ruwa, shi ma yal lume.

Ban yi tunani ba, kayan Baturiya ne, naf faɗa ciki. Taku na biyu taɓo yak kama min ƙafa, nay yi gaba ruf da ciki. Nas sha ruwan kwaɗi har sau biyu. Nal lalubo jirgin, nat taso rungume da shi kamar jinjiri, ɗankwali ya tafi, gansakuka ta maye wurinai, takalmi guda har yau shina can. Wani makaɗi, Allah shi yafe mai don ni na daɗe ban yafe ba, yas sa kalangu shina bin takuna ina fitowa. Wakilin hakimi na dariya har rawaninai ya kwance. Baturiya ta toshe baki da hankici, kafaɗunta na rawa. Da tas samu numfashi tay yi magana, Malam Umaru yaf fassara ba tare da ya dube ni ba:

"Ta ce wanga ba a sa shi ruwa. Na ajewa ne kan tebur, yara su kalla."

Nac ce, "To mi as sa anka ce mai jirgin ruwa?" Dariya taƙ ƙara ɓarkewa.

Haka nar ratsa garin ina ɗigar ruwa. Inna Kulu tag gan ni a ƙofa, tad dube ni sama da ƙasa, tac ce, "An taso daga aikin gwamnati?"

Malam ya ce in mayar mai da tubalan tsaf yadda anka ba ni. Daɓe kam na san ya tafi Dogon Daji, kuma ni za ni tsaya gaban mata shida in gaya musu da bakina. Amma nac ce ko mi za a yi sai na mai da kayan mutane. Nan fa aiki yad dawo sabo. Jirgin da yay yi wanka a tafki, yaɓen ko tsagewa bai yi ba. Naj jiƙa shi a kwatarniya kwana biyu, makuba taƙ ƙi sakin shi. Ina ƙwaƙula da tsinke da bakin wuƙa, rana guda in ciro tubali goma.

Rana ta fuɗu Malam Umaru yay yi sallama a zaure, fuska a murtuke, ya zo karɓar kaya. Naf fito mai da rabin jirgi.

"Har yanzu?"

"Ya ƙi fita, Malam."

Yay yi tsaki, yac ciro 'yar wuƙatai ta fiƙe fensir, yad durƙusa shi gwada min yadda a ka yi. Yak kankara, yak kankara. Bakin wuƙar yak karye. Yad dubi wuƙa, yad dubi jirgi, yash shafa yaɓen da babban yatsa.

Sannan yac ce, "Irin wagga makubar za ki sa ma daɓen?"

"Ta fi wagga, Malam. Wanga ai na gaggawa ne."

"In ruwan sama ya ɗauke, ki zo da matanki. Amma ki ji ni da kyau: ƙasa kaɗai za ki taɓa. Allo, tebur, agogo, ko kusa da su kada in gan ki."

Munka yi daɓen azuzuwa ukku, mu bakwai, sai da anka zo sa siminti bayan shekaru sannan anka fasa shi da diga.

Abin da nak koya, in an miƙo maka abin da ba ka taɓa gani ba, ka tambayi mi a ka yi da shi kafin ka gyara ma masu shi. Na ce na koya, amma ga alama mutanen gidan ga ba su yarda ba. Ran nan ina kwaɓa ƙasa in liƙe gindin murhu, nag ga jikata ta lallaɓo ta ɗauke sabuwar wayarta daga kan tabarma ta cusa cikin zane.