Yadda Za Ki Gane Ko Allurar Goshi Ta Kama

An yi miki allurar nan mai kwantar da layukan goshi, kin dawo gida kina wasi-wasi ko aikin ya yi. Kwantar da hankalinki. Bi matakan nan, kafin ki kai na ƙarshe kin sami amsa, babu tantama. An gwada su a kan wata shugabar ofis da ake kira Hukuma a bayan idonta, saboda idan ta haɗe gira har fanka rage gudu take yi.

1. Rabu da madubi

Madubi ba ya musu da mai shi. Hukuma ta shafe safiya a banɗakin ofis tana ɗaga gira tana saukewa, ba ta gano komai ba. Mai shara da ke jiranta a bakin ƙofa ce ta tambaya a ladabce ko wani abu ne ya faɗa mata a ido.

2. Kada ki tambayi wadda ta yi allurar

Za ta danna goshinki da yatsa ta ce ya kwanta luf. Daga nan za ta kalli gefen idanunki, ta ce akwai ɗan gyara a nan ma. Tashi ki tafi.

3. Gwada a wurin aiki

Jira wani ya makara. Magatakardan Hukuma ya shigo taro an kusa tashi, ta tattara duk ƙarfinta ta murtuke masa. A ranta ta murtuke. Shi kuwa ya dube ta, ya ja kujera, har ya tambayi mutanen gida. Kafin a watse wani ya nemi hutu, dole ta buɗe baki ta ce a'a, kalmar da ta daɗe ba ta buƙaci furtawa ba. Idan haka ta same ki, allura ta fara aiki.

4. Gwada a kan maigida

Ba sai kin yi komai ba, zauna kawai a falo. Mijin Hukuma ya yi gyaran murya ya ce dalilin da ya sa kwana biyun nan yake manna mota jikin katanga, ya goge mata gefe ne da ƙofar gida. Ya leƙa fuskar matarsa, ya ga lafiya lau. Sai ya gyara zama ya ƙara da cewa labulen da ta zaɓa bai taɓa yi masa ba, kuma ƙanwarsa za ta zo ta ɗan kwana biyu. Namiji idan ya ga fili ba ya birki.

5. Babban gwajin

Hukuma tana da 'ya ɗaya, wadda tun tana ƙarama ba ta kallon idon uwarta in tana magana, goshin take kallo. Da layi ya fito sai ta haɗiye sauran zancen. Wata rana suna kicin, uwa na wanke kwanuka, 'ya na gogewa, sai yarinyar ta ce ta bar karatun lauya tun bara, tana aiki a wani shagon ɗaukar hoto.

Jinin Hukuma ya tafasa. Yarinyar ta ɗaga ido ta duba goshin, ba ta ga komai ba, sai ta ci gaba. Ta ce ta faɗi jarrabawa ta kasa faɗa. Ta ce ta jima tana fita da jakar littattafai don kada a gane. Hukuma ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta lura ba ta taɓa jin 'yarta ta kai ƙarshen magana ba. Famfo na ta zuba, babu wadda ta kashe.

"Umma, ki ce wani abu mana."

"Ina jin ki. Ƙarasa."

Idan kin zo nan, allura ta kama. Ba kya buƙatar ƙari.

6. Idan ta fara saki

Za ta saki, watanni ne kawai. Layukan Hukuma suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Magatakarda ya koma zuwa da wuri, maigida ya ce labulen ya fara shiga ransa. Wata safiya 'yar tana nuna mata hotunan da ta ɗauka, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Na san allura ce, Umma. Abba ya faɗa mini, shi ya sa na zaɓi lokacin."

Hukuma ta haɗe gira, kuma wannan karon ta haɗu sosai. Yarinyar ta duba, ta gani, ta miƙo hoto na gaba ta ci gaba da bayani. Hukuma ba ta koma wurin mai allurar ba.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba likita ba ne, ko allurar rigakafi sai an riƙe shi. Ba ruwansa da motar da aka goge, baƙuwar da ta tare, ko duk abin da kika ji daga bakin mutanen gidanki. Mai ƙorafi ta zo da kanta. Idan fuskarta ba ta nuna ɓacin rai ba, za a ɗauka ta gamsu.