Wagashin Da Ya Ƙi Narkewa

Shekara tara Anti Rabi, ƙanwar Mma, ta yi a Turai tana mafarkin soyayyen wagashi, cukun Fulani da ta tashi da shi a unguwar Moshi Zango. Ranar da ta dawo Mma ta sayo mata babba guda, ni kuwa na karɓe.

"Mma, ki huta. Irin na Turawa zan yi mata, cuku a tsakiyar burodi, ya narke yana igiya. Na gani a waya sau ɗari."

Na ɗora kasko a kurfoti, murhunmu na gawayi, na tara 'yan gida su shaida. Abin da wayar ta ɓoye mini shi ne, wagashi ba ya narkewa ko a wutar maƙera. Na fifita, na danna, har addu'a na yi masa. Burodi ya zama gawayi, wagashi ya yi baƙi ƙirin, yana zaune daram kamar mai unguwa.

Anti Rabi ta ɗaga shi da yatsu biyu. "Ɗiyata, abin da na gudo ke nan, kika tare ni da shi a ƙone?"

Kwana uku ban iya haɗa ido da ita ba. Har yau ko ruwa na ɗora, sai wani ya leƙo: "Baturiya, ya narke?"