Allon Gada Ya Ce Mita Huɗu da Rabi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Kula da Hanyoyi da Gadoji, Allah ya ƙara girma da nisan kwana.

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, ni ne direban da ya tsayar da gari cik na awa uku ranar Talata a ƙarƙashin gadar sama. Satina biyu da fara jan tirela mai ɗaukar katafila, bayan shekara tara ina tuƙa tifa. Gwajin wata guda aka ba ni, kuma maigidana ya ce ranar da na ƙwarzane kayan mutane in ajiye makulli. Ga 'yan koke-kokena.

Na ɗaya. Allonku ya ce mita huɗu da rabi. Ni kuwa kafin in tashi sai da na auna lodina sau biyu da tef ɗin ɗinkin matata, na ga da sauran sarari. Na yarda da allo, don an koya mini hukuma ba ta ƙarya. Hannun katafila ne bai yarda ba, ya maƙale a ƙarƙashin gadar.

Na biyu. Wani dattijo mai faci a gefen gadar ya shaida mini sau huɗu kuna shimfiɗa sabuwar kwalta a kan tsohuwa, ba a taɓa kankare ta ƙasa ba. Madalla da ƙwazo, ranka ya daɗe. Amma da hanyar take ta ƙiba, ba wanda ya tuna ya sanar da allo? Ko jira kuke gadar ta ƙara tsawo?

Na uku. Sai da ni da mai facin muka sace iskar tayoyin tirelar kaf, sannan ta lallaɓa ta wuce kamar mai ciwon baya. Masu hon a bayana ba su ƙyale uwata da ubana ba. Jami'inku ya iso daga ƙarshe, ya ɗaga kai ya ga gada lafiya lau, ya juya. Ni ko sannu.

Maigidana ya shafa ƙwarzanen da gadar ta yi wa katafilar, ya daɗe yana kallona, ya ce saura dama ɗaya. Wallahi tsoro nake ji, don matata ta riga ta shelanta wa danginta cewa mijinta ya zama direban tirela.

Damar kuwa ranar Litinin ce, kuma ku zan kawo wa injin shimfiɗa kwalta. Na duba takardar, a gindin gadar nan za a sauke shi. Zan kawo shi lafiya, in sha Allah. Roƙona ɗaya ne, in kun gama shimfiɗa ta biyar, a taimaka a turo mai fenti ya rage wa allon wani abu, domin ranar Laraba ni zan dawo da katafilar ta wannan hanya.

Naka mai biyayya, mai sunkuyar da kai ko babu gada,
Sabon direban tirela