Kilo Bakwai na Mista Chollom

A tarihin 'yan Filato da Kudancin Kaduna mazauna gundumar Prince George's an yi likitoci, an yi injiniyoyi, an yi ma wanda ya sayi gida mai ɗaki bakwai alhali daga shi sai matarsa. Amma matafiyi na gaske guda ɗaya aka yi, shi ne Mista Chollom Jang na Upper Marlboro, kuma wajibi ne a rubuta labarinsa tun shaidu suna raye. Na dogara da hujjoji uku: saƙonnin da ya riƙa turowa zauren WhatsApp na ƙungiyarmu, hotuna ɗari huɗu da sha biyu, da bakin matarsa Chundung, ma'aikaciyar jinya, wadda ba ta cika magana ba amma ba ta mantuwa.

Chollom mai haɗa magunguna ne a wani kanti a Beltsville. In aka cire zuwa gida Jos, tafiyarsa mafi nisa a lokacin ita ce bikin wani abokinsa a Houston. Sai dai ya yi wata takwas yana kallon bidiyon matasa masu yawon duniya da jakar goyo, har ilmin ya cika shi ya fara zuba a kan jama'a.

Abin da yake nema sananne ne. Ƙungiyarmu tana da kujerar shugaban tafiyar shaƙatawa ta shekara, wadda Misis Selina Yashim ta riƙe shekara tara, kuma shekara taran nan Ocean City take kai mu. An sa zaɓe a watan Nuwamba. Wata Lahadi bayan sujada, a zauren da muke haya a Clinton, Chollom ya miƙe ya gyara wuyan riga.

"'Yan'uwa, ciwonmu ɗaya ne, kaya," in ji shi. "Mutuminmu zai yi tafiyar awa uku, ya ɗauki kula huɗu da tukunyar gas kamar mai ƙaura. Ni da Maman Debbie za mu zaga Thailand, birni da gaɓar teku da tsibiri, kwana goma sha shida. Jaka ɗaya a bayana, kilo bakwai. Ba ɗan dako, ba akwati mai taya. In na dawo da abin da ya wuce haka, kada wanda ya zaɓe ni."

Daga ranar aka sa masa suna Kilo Bakwai. Ya ɗauka sarauta ce, ya ƙara shi a ƙarƙashin hotonsa na waya.

Wanda ya san mu ya san ba a sanar da tafiya a gaban taro a fita hannu sake. Kafin ya isa wurin motarsa, mutum talatin da ɗaya sun faɗi tsarabar da suke so: yadin siliki, man zafi, wando mai zanen giwa, busasshen mangwaro. Mama Pauline, dattijuwar da duk inda ƙuri'arta ta faɗa goma suke binta, ta ce turmin dutse take so, irin wanda ta gani wurin wata maƙwabciyarta 'yar Thailand. Mai neman kujera ba ya cewa a'a. Chollom ya amsa wa kowa, sannan ya warware matsalar da hikimar da ta cancanci a adana ta.

"Kaya shi ne abin da mutum ya ɗauka don kansa. Tsaraba zumunci ce, ba ta shiga ma'auni. Kuma tun kakanninmu, harkar zumunci a hannun mata take."

Ya ɗora jakarsa a ma'aunin banɗaki, ya turo hoton: bakwai cif. Bincike ya nuna abin da ke ciki: babbar riga biyu ta shadda mai sitaci, hula uku a cikin roba mai murfi don kada su lotse, takalmi sau-ciki, da kwalbar turare. Buroshin haƙorinsa, singiletinsa, maganin hawan jininsa, yaji da garin acca, ya kira su kayan iyali. Suka shiga jakar Chundung, wadda ba a auna ba.

A kwana na biyu a Bangkok ya aikata abin da duk labarin ya rataya a kansa. Mahaifinsa ya koya masa cewa mai mutunci yakan fara da sayen tsaraba, kada ranar komawa ta zo a manta da wani. Koyarwa ce mai kyau ga wanda ya sauka a gida ɗaya, ya tura tsarabar ƙarƙashin gado ta jira shi. Su kuwa suna da sauran kwana goma sha huɗu da masauki takwas a gabansu. Chundung ta faɗi haka sau ɗaya, a hankali. Ya ce ita jinya ta karanta, shi kuwa tafiya. Suka shiga kasuwar Chatuchak da safe, suka fito da la'asar da buhun Ghana-must-go biyu, wanda ashe can ma ana sayar da shi, da turmin Mama Pauline har da taɓaryarsa.

Saƙonninsa na wannan zamani abin koyi ne. Daga Chiang Mai ya rubuto: "Yau na hau matakala sama da ɗari uku zuwa haikalin kan dutse ban tsaya ba. Sirrin shi ne rashin kaya." Hoton ya nuna shi a ƙoli, babbar riga tana walƙiya, 'yar jaka a baya. Abin da hoton bai nuna ba shi ne mai ɗaukarsa. Sun riga sun bar masauki a safiyar, wata mai sayar da fure ta yarda ta duba musu buhunan, amma Chollom ya ce turmin amana ne, ba a barin amana wurin baƙo. Da shi Chundung ta hau.

A kudu, inda matasa suke yawo da gajeren wando, Kilo Bakwai ya zauna a kan yashi cikin cikakkiyar shiga, gumi yana narkar da sitaci. Wasu masu yawon buɗe ido suka zaci shugaban wata ƙasa ne, bai ga dalilin gyara musu ba. Wani biri, wanda bai san girman manya ba, ya fizge hula ɗaya ya hau bishiya da ita. Chollom ya sanar da ƙungiya cewa ya ba da kyauta ga namun daji.

Sai ranar Railay, gaɓar da ba a isarta sai da kwale-kwale, kuma in ruwa ya janye sai a sauka a taka cikinsa. Mai kwale-kwalen ya miƙo hannu zai taimaka da buhu. Chollom ya dakatar da shi: ya yi alkawari gaban jama'a, ba ɗan dako. Ya tattare babbar riga a kafaɗa, ya shiga ruwa da natsuwar mai buɗe sabuwar gada. A bayansa Chundung ta zaro wandon giwa ɗaya, ta naɗe shi gammo, ta ɗora buhunan a ka yadda take ɗaukar dankali tana yarinya a Vom, jaka a baya, turmi a ƙirji. Gaɓar ta ɗauki tafi. Chollom ya ɗaga hannu ya amsa. Wata Bajamushiya ta ɗauki hoton, ta nemi lambar Chundung, ta tura mata.

A filin jirgin Dulles 'yan tarba suka auna jakarsa: bakwai saura kaɗan, albarkacin biri. Chundung ta fito bayan minti ashirin tana tura amalanke. Ya ce a yi mata uzuri, mata da saye-saye.

Ranar zaɓe ya raba tsaraba da hannunsa, ya aje ma'auni a kan tebur don shaida, ya fara lacca mai taken Tafiya Ba Nauyi. Da yake duk hotunan a wayar matarsa suke, ita ta haɗa ta da allo, tana turawa ɗaya bayan ɗaya. Ta shaida mini cewa ba ta tsallake ko ɗaya ba domin bai ce ta tsallake ba. Na ɗari biyu da tamanin da bakwai shi ne na Bajamushiyar nan.

Mama Pauline ta gyara tabarau.

"Chundung, 'yata, wancan turmina ne?"

"Shi ne, Mama."

"Selina, ɗora mana shi a ma'aunin nan."

Turmin shi kaɗai kilo tara ne.

Chollom ya fara bayanin cewa a ƙa'idar tafiya ta zamani jakar jagora kawai ake aunawa. Mama Pauline ta jira ya kai aya, domin mace ce mai ladabi, sannan ta ce ita wanda ya iya kai kaya inda za su take nema, ta gabatar da Chundung. Misis Yashim ta janye nan take, Chundung ta lashe zaɓen. Da aka nemi sabuwar shugabar ta yi jawabi, ba ta ko miƙe ba.

"Dokata ɗaya ce," ta ce. "Wanda ya ce to, shi zai ɗauka. Ka ji ko, Baban Debbie?"

Adalci ya wajabta a rubuta cewa Mista Chollom bai karya alkawarinsa ba, jakarsa ba ta taɓa wuce kilo bakwai ba. Tarihi kuma bai bar shi babu muƙami ba. A watan Yuli ƙungiya ta koma Ocean City, Mama Pauline ta tambaya ko a taho da dafa-duka, shi kuwa, bisa sabo, ya ce to. Shaidu huɗu sun gan shi yana ƙetare filin ajiye motoci da babbar kula a ka. Hularsa ce gammo.