Tirelar da Ke Matsowa

Na sayi tsohuwar tirelar kwana, irin wadda ake ja da mota, amma gindinta na gogar kowane tudun titi a unguwarmu ta Dagenham. Na kalli bidiyo biyu na gyaran tirela, na naɗa kaina injiniya. Ranar Asabar na kwance aksil, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyi, na mayar da shi ƙarƙashin sifirin da ke ɗauke da nauyinta, tirela ta ɗaga kusan taƙi guda. Na ce wa maiɗakina, "Amfanin boko ke nan, Hajiya."

Washegari muka tarar tirelar ta matso kusa da tagar falo. Ba wanda ya taɓa ta. Na ja layi da alli a gaban taya. Da gari ya sake wayewa ta tsallake layin, tana fuskantarmu shiru. Hajiya ta ce ko tirelar ta bar gidan, ko ita da yara su bari. Ni malamin kimiyya guda, na koma wuce ta da addu'a a baki.

Muka kira liman ya yi ruƙiyya. Ya karanta, ya tofa, sannan ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ɗago ya tambaye ni.

"Alhaji, wa ya cire wayar birki, ya ajiye tirelar a gangare?"

Har yau in na shiga masallaci sai wani ya ce, "Ku matsa wa Sarkin Aljanu, ba shi da birki."