Rasuwar Takumandan a Tudun Gidan Sori

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Zinariya 'yar Barmo mai sayen gyaɗa take roƙon manya su gafarta mata. Ta san sanarwar rasuwa ba aikin yarinya ba ne, kuma ba ta taɓa rubuta abin da ya wuce darasin lakol, wato makarantar boko, ba. Amma mahaifinta ya kasa magana tun jiya, wanda ya kamata ya yi bayani kuwa ya ɓuya.

Ana sanar da jama'ar Gidan Rumji da kewaye rasuwar Takumandan, baƙar motar nan mai kujerun fata, wadda Barmo ya saya hannun Nasara kumandan, mai mulkin yankin, lokacin da yake ɗaure kayansa zai koma ƙasarsu.

Marigayiya dattijuwa ce mai kunya. Da safe sai ta yi tarinta, kyar-kyar-kyar, kafin ta yarda ta tashi. Ta kai masu naƙuda asibiti, ba ta taɓa taka ko ɗan tsako ba. Abu biyu kawai take roƙo: a bar mata hancinta ta shaƙi iska, in an hau tudu a bar ta ta huta a inuwa.

Ga yadda ajali ya zo. Kawu Jibrilla, ƙanen mahaifiyar mai rubutu, ya are ta don tarbon dafite, sabon wakilinmu a majalisa, ko a gan shi a ba shi kujera a buro, wato ofis. Ya ce motar 'yancin kai ba ta fita tsirara. Ya ɗauko gwado mai kauri ya rufe mata fuska ruf, ya ɗaure da igiya, ya loda makaɗa har kan rufi. Da tsakar rana ya tunkari tudun rairayin nan na hanyar Gidan Sori. Ta yi nishi, ya ƙara mata wuta. Ta yi tururi, ya ce a ƙara kiɗa. Da ta suma, sai ya yi mata abin da ake yi wa sumamme: ya kwara mata ruwan rijiya mai sanyi a ka. Makaɗa sun shaida kalmarta ta ƙarshe ita ce tas.

Dafite ma ta wata hanya ya bi.

Ta rasu ta bar Barmo, da taya guda da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da Zinariya, wadda marigayiya ta yi alkawarin kaiwa makaranta a Maraɗi gobe. Lakol ɗin 'yan mata kuwa gobe ake buɗewa, kuma duk wadda ba ta zo ranar buɗewa ba, a ba wata gurbinta. Kawu ya aiko cewa Zinariya ta haƙura sai baɗi. Allah ya isa.

Jana'iza yau bayan la'asar. Shanun maƙwabcinmu Tsoho za su jawo gawa ta tsakiyar kasuwa, a ajiye ta daidai ƙofar gidan Kawu Jibrilla, yadda ba zai fita ba sai ya raɓa ta. Makaɗan jiya su zo da gangunansu. Gwadon nan shi ne likkafani; masu gaisuwa su tambayi Kawu na wane ne.

Ana roƙon kowa ya halarta, har masu zama bakin tasha. Kada a nemi mai rubutu wurin zaman makoki. Motar gyaɗa tana tashi zuwa Maraɗi daidai wannan lokaci, kuma hancinta a buɗe yake.