An Sare Tsamiyar Leburori Domin Su Huta

Jama'a, yau an kore ni daga wurin hutawa saboda an kama ni ina hutawa. Jingina kawai na yi da wayar shinge, sai ga maigadi da gora.

"Malam, tashi! Wanga wuri na hutawa na."

Na ce ai abin da nake yi ke nan.

"Ba a buɗe shi ba tukuna. Sai mai girma ya zaka."

Na ba shi haƙuri, na miƙe.

Ga wanda bai sani ba, a bakin hanyar da ta fita Mafara zuwa Bakolori akwai wata tsohuwar tsamiya. Tun da aka fara aikin dam, nan leburorin da suka zo daga garuruwa suke taruwa ran Lahadi, ranar hutunsu guda. Ramukan dara sun fi goma a gindinta, ga wanzami, ga mai fura. Kuma ita ce adireshin duk wanda ba shi da ƙofar gida a garin nan. Direba ya taso daga ƙauyenku da saƙo, a nan zai taka birki ya ƙwala kira, ko ba ka nan wani zai riƙe maka.

Sai labari ya kai kunnen su Ranka-ya-daɗe Masu Tausayin Talaka cewa ma'aikata suna zama a ƙasa. Hankalinsu ya tashi. Aka nemi fili mafi dacewa, bincike ya nuna babu kamar inda mutane suka riga suka saba. Tsamiyar ce dai ta tare wuri, aka sare ta. Aka jera kujerun siminti waɗanda da azahar za a iya toya ƙwai a kansu, aka dasa itace shida masu tsawon ludayi, aka kewaye da waya, aka sa kwaɗo. Gyaran gangar Abzinawa ke nan, amma ni wa da zan faɗa.

Maƙwabcina Barau, bagobiri mai haƙar hanyar ruwa, ya baro tsohuwarsa ba lafiya. Kowace Talata yakan saurari motar Manu direba, ya ji yadda ta kwana. Da leburori suka watse, wasu bayan masallaci, wasu gindin katangar mutane, na ce masa ya riƙa tsayuwa bakin wayar.

"Baba, ran Talata ina cikin rami," in ji shi. "Da can mutane ka amsa mini. Yanzu wa za shi tsaya cikin rana don saƙon wani?"

Talata uku Manu yana tsayawa, yana danna ham, ba kowa sai maigadi, shi kuma ya ce ba a ɗauke shi aikin karɓar saƙo ba. Jiya suka yi kiciɓis da Barau a kasuwa. Saƙon farko, jiki ya yi tsanani. Na biyu, tana kiran sunanka. Na uku Manu bai iya faɗa ba, hula kawai ya cire.

Wallahi abin ya ƙona mini rai, don daga nan zuwa ƙauyensu tafiyar yini guda ce kawai.

To ɗakin Barau su bakwai ne a ciki, ba wurin karɓar gaisuwa. Shi ya sa muka taru yau a bakin shingen, kusan mu arba'in, a tsugune cikin rana, kujeru suna kallonmu ta cikin waya. Bayan ya tashe ni, maigadin ma ya ajiye gora ya shafa fatiha tare da mu.

Kada a ce ban yaba ba. Allon da aka kafa mai ɗauke da sunan wurin yana ba da inuwa, ta mutum uku cif. A nan muka zaunar da Barau. In manya za su ƙara yi mana alheri, muna roƙo a faɗaɗa allon.